Tarun Mai Gari a Gaban Alƙali

Kai da kake cewa wanda ya kafa doka ba mai tambayarsa, zauna. Ba na son dogon zance. Akwai wani gari mai babban tafki. Kakanni ne suka haƙa shi tare, suka yi rantsuwa a kai: ranar su, wato ranar kamun kifi, kowane gida ya shiga da komarsa lokaci ɗaya, ba mai riga wani. Wata shekara kifi ya yi kyau, mai gari ya tara majalisarsa, suka ce daga bana tarun fada zai fara ratsa ruwa kwana ɗaya kafin jama'a. Duk dattawan suka amince, aka yi shela a kasuwa. To, taru in ya ratsa tafki, sai taɓo da kwaɗi. Akwai wani masunci, ba shi da gona ko taki ɗaya. Kifin ranar su yake bandawa ya musanya da gero, da shi gidansa ke kaiwa damina. Ya rataya komarsa a kafaɗa, ya nufi zauren alƙali, ya kai ƙarar dokar kanta. Mutane suka yi ta dariya, don mai gari ne ya naɗa wa alƙalin nan rawani da hannunsa.

Alƙali ya aika a kira mai gari. Wallahi ya zo! Gari ya ɗauka, mata suka bar daka, maƙera suka bar wuta tana ci, zaure ya cika har kan katanga. Aka shimfiɗa tabarma ɗaya, mai gari a wannan gefe, mai warin kifi a wancan. Alƙali ya sa aka ɗauko tsofaffi uku daga unguwa uku, ya tambaye su rantsuwar ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ji na wani. Bakinsu ya zo ɗaya. Sai alƙali ya ce: "Ranka ya daɗe, ku sa ranar su, ku hana zuba guba, duk naku ne. Amma rantsuwar nan ta girme ku, a kanta kuke zaune. Dokarku ta faɗi." Guɗa ta tashi! Wani falke da ke wurin ya ce a ƙasarsu alƙali ba ya kashe doka, sai dai ya mayar wa majalisa ita a bainar jama'a su gyara, kuma kunya kan sa su gyara. Kowa da hanyarsa, amma ko'ina akwai mai cewa tsaya. Ranar su, mai gari ya naɗe wando ya shiga da koma kamar kowa, masunci ya fito da tarwaɗa har goransa na zuba kifi yana nutsewa.

Ka ji. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.