Ɗamara ta Huɗu

"Ɗamarar ce ba ta zauna wa karen ba," ya ce. "Tana cin sa a kafaɗa."

"Ta huɗu ke nan a bana," in ji yayarsa. "Taurin kan Baba ka kwaso duka."

Suna tsaye a shagon kayan karnuka, ɗamara biyu a gabansu. Ɗaya ta jan keke ce, mai gicciye a gadon baya, da maɗaurin igiya wajen gindin wutsiya. Ɗayar mai mariƙi ce a sama, ta taimaka wa tsohon kare hawa matakala. Mai mariƙin yayar ta ɗauko, shi kuwa ko kallonta bai yi ba.

Shekara tara karen nan yana jan sa a keken tsaye, irin wanda ake turawa da ƙafa, kowace kaka kafin ƙanƙara ta rufe hanyar daji. Ya ce sai an gwada.

A filin bayan shagon ya sanya wa karen ta jan, yatsunsa biyu suka shige ƙarƙashin wuyan ɗamarar daidai. Ya hau keken, ya yi fito. Karen ya zabura, suka kewaye filin sau biyu.

"Kin gani ko, Yaya?"

Ita kuwa igiyar ta gani, wadda ta yi ta sharar ƙasa ba ta miƙe ko sau ɗaya ba. Sai kuma takalminsa na dama, wanda tafinsa ya siɗe har safa ta leƙo.

Karen yana haki, yana kaɗa wutsiya. Ta durƙusa ta shafa kansa.

"Ƙanina," ta ce a hankali, "tun yaushe kai kake tura keken?"