Darakta da Kashin Kaji

Tunda ka ce kunyar tambaya kake ji, gyara zama in ba ka misali. A unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi ritaya yana darakta, mutumin da ya shekara talatin shi ake tambaya, shi ba ya tambayar kowa. Likita ya ce ya rage maiƙo ya riƙa cin ganye, ya ce to, amma da hannunsa zai shuka. Ya lallaɓi uwargidansa ta kwashe awakinta daga bayan ɗaki, ya kafce wurin, ya sayo kashin kaji buhu biyu, ɗanye sharaf, ya juye duka, wai taki ba ya yawa. Ya yafa irin alayyahu. Ya tsiro gwanin sha'awa, kwana biyar sai ya yi ja ya langaɓe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Gogan naka ya ce iri ne ba shi da kyau. Ya sake sabo, ya ma ƙara takin, nan ma ya ƙone ƙurmus. Uwargida ta ce, "Alhaji, saura sau ɗaya. In ya sake mutuwa, awakina za su koma wurinsu." Kai, maganar nan ta yi masa ciwo, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

To, ga abin da ya burge ni da bawan Allahn nan. Akwai wani tsoho da ya yi masa masinja a ofis shekara da shekaru, yanzu yana noman lambu a bakin fadama. Darakta ya taka da ƙafarsa har can, ya tattare babbar riga, ya tsuguna gabansa a cikin taɓo. Tsoho ya rikice, yana neman buhun da zai shimfiɗa masa. Darakta ya ce, "Bari, yau karatu na zo ɗauka." Nan ya ji cewa ɗanyen kashin kaji wuta ne. Tara shi ake yi gefe, a cakuɗa da ƙasa da busasshen ganye, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, sai ranar da ka cusa hannu ka ji ya huce, warin ya tafi. Iri kuwa kada zurfinsa ya wuce farce, ban ruwa safe da yamma, ban da tsakar rana. Wata biyu cur yana juya tarin nan da kansa, maƙwabta na leƙe ta katanga suna ƙus-ƙus, ko a jikinsa. Da ya shuka na uku, alayyahu ya tashi kore shar, ganye kamar tafin hannu, har uwargida ta fara wasa wuƙa. Amma yankan fari bai shiga tukunyarta ba. Ɗaure shi ya yi, ya saɓa a kafaɗa, ya ratsa tsakiyar kasuwa ana kallonsa, ya dire a gaban tsohon masinjansa ya ce, "Malam, duba mini aikina. Na ci?" Wallahi tsohon nan sai hawaye.

Kai kuma har yanzu kana tsaye kana jin nauyin tambaya? Ai Hausawa sun gama magana: durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.