Tsohon da Ya Shafe Ramin Makulli

To, saurara ka ji wani misali. An yi wani direba mai ƙaramar mota, irin wadda ƙofar bayanta ke ɗagawa sama, yana yi wa 'yan kasuwa jigilar atamfa zuwa kasuwannin ƙauye. Wata rana ya tsaya sallah a tasha, ɓarayi suka zura ƙarfe a ramin makullin ƙofar, suka kwashe abin da suka samu, suka bar wajen a yage. Ya ce gara a cire makullin dungurungum a toshe gurbin, ya riƙa buɗewa daga ciki. Ya nufi babban garejin bakin titi, nan da nan aka cusa foti, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, a ramin, aka fesa fenti, kafin la'asar ya kama hanya yana murna. Da damina ta sauka sai fotin ya tsage, ruwa ya bi ta nan ya jiƙa atamfofin mutane, ga jan tsatsa a jikin farin yadi. 'Yan kasuwar suka ce masa in haka ta ƙara faruwa, sai dai ya nemi wasu. Ga iyali, ga mota ɗaya tilo. Ya rasa inda zai sa kansa.

A bayan garejin akwai wani tsohon mai gyaran jikin mota a gindin darbejiya. Hasken walda ya rage masa gani, mutane sun daina kai masa aiki. Direban ya je wurinsa ba don ya yarda da shi ba, sai don babu yadda zai yi. Tsohon ya ɗora tafin hannu a wajen, ya ce, "Malam, ƙarfe da ƙarfe ake toshe shi. Ka ba ni kwana uku." Ya ƙanƙare fotin da tsatsar har sai da farin ƙarfe ya fito. Ya yanko ɗan falle daga wata matacciyar ƙofa daidai bakin ramin, ya riƙa ɗiga walda kaɗan-kaɗan, yana dakatawa ƙarfen ya huce don kada zafi ya lanƙwasa shi. Direban na zaune a benci yana ta juyi, motoci na wucewa da lodi a gabansa. Rana ta biyu tsohon ya wuni yana gugar wajen da samfefa da ruwa, ya rufe ido ya shafa, ya ce akwai tudu, alhali direban bai ga komai ba. Rana ta uku ya yi fenti. Direban ya duba, ya sake dubawa, ya kasa nuna inda makullin yake a da. Ya bi ruwan Agusta kaf da atamfa a baya, ko ɗigo bai shiga ba. Abokan sana'arsa suka riƙa tambayar wa ya yi masa aikin, shi kuwa yana kwatanta musu wurin, har ta kai sai mutum ya jira layi kafin tsohon ya taɓa motarsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.