Gadar Rabi da Rabi

Ƙarfen ƙarshe yana lilo a sama, injiniyar ta zuba masa ido. Ƙananan hukumomi biyu sun yarda su gina gadar rabi da rabi, amma ciyaman ɗinta ya rantse zai kori duk wanda ya yi magana da ma'aikatan tsallake. In kuwa ɓangarorin gadar suka saɓa, da ita za a fara.

Ƙarfen ya sauko a hankali, ya zauna daram.

"Kin gani ko, 'yata?" in ji ciyaman. "Ko awo ba mu tambaye su ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ta saci kallon injiniyan tsallake. Yau da yamma zai zo zance, karon farko babu zanen gada a hannunsa.