Lambar Jirgin Baba

Mai saka lamba ya kafa injin huji a bayan tsohon jirgin ruwan da ke ajiye a gidanmu, Baba ya gyara zaman hular kyaftin ɗinsa.

"A hankali, malam. Jirgin nan tsibirin Fiji za shi."

"Baba, ko bakin titi bai taɓa zuwa ba," na ce.

In babu lambar, hukuma ba za ta bari ya hau teku ba. Ni kuwa duk Asabar ɗina a goge robar faiba da ta lulluɓe katakon jikinsa ta ƙare.

Huji ɗaya, sai baƙin ruwa ya tsiyayo, yana warin ruɓaɓɓen katako.

Mutumin ya tattara kayansa. "Ba abin da zai riƙe ƙusa, Kyaftin."

Shekara da shekaru muna jiran jirgin ya shiga ruwa. Ashe ruwan ne ya gaji da jira, ya shige shi.