Famfon Mai Kafin Asabar

Motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Kuramochi ya sake murɗa makulli, ko gezau. Ya kifa goshi a kan sitiyari ya daɗe a haka.

Shekararsa saba'in da huɗu, motar kuma talatin da shida, kuma ba a san wanda ya fi gajiya a cikinsu ba. Kamfanin da ya ƙera ta ya daina yin kayanta tun tuni. Duk shekara biyu, in lokacin duba lafiyar motoci ya zo, sai ta lamushe masa fanshon wata uku. Ita ta ci gonar shinkafarsa ta bakin kogi. Ga shi rabon da wani ya kira shi aiki da ita shekara shida ke nan. Mutanen yanzu sun fi son motoci masu sulɓi da ba sa jan ido. Maƙwabta ma sun matsa sai da ya riƙa lulluɓe ta da tamfol, don in ta gifta yara kan dunƙule hannu su ɓoye babban yatsa, wai don kauce wa mugun abu, kamar yadda kakanninsu suka koya musu.

To amma ya yi wa matarsa Tokiko alkawari. Tun ranar da aka sayo motar ita ke goge ta, tana bin sassaƙen katakon rufinta lungu-lungu da tsumma. Bara suna shan shayi ta ce ita ma sai ya ɗauke ta a ciki, kuma shi zai tuƙa, ba wani direban kamfani ba. Ya ce to. Yanzu ga ranar ta tsaya: Asabar, ƙarfe goma na safe. Yau kuwa Laraba.

Hatano bakanike, abokinsa tun firamare, ya shiga ƙarƙashin motar yana nishi, ya fito yana kakkaɓe baya. Ya ce famfon mai ne ya mutu, kuma ko da fitila ba a samun irinsa a duk jihar.

"Kai tsoho, wannan ba mota ba ce, ciwo ce. Ka bari 'yarka ta kira ta haya, kowa ya huta."

Kuramochi ya tambaye shi a ina aka taɓa ganin irinsa. Hatano ya ja tsaki, ya zaro waya, ya yi ta buge-buge har shayinsa ya huce. Daga ƙarshe aka ce akwai wata tsohuwar tasi mai irin injin a wurin 'yan gwangwan, tafiyar awa huɗu a jirgin ƙasa, amma ba wanda ya yi rantsuwa famfon na aiki.

Masami, 'yarsa da ta zo daga Osaka, ta tare shi a ƙofa yana ɗaure takalmi. Gida cike da baƙi, shi kuma zai tafi tonon tsohon ƙarfe? Ta ce ta riga ta yi magana da kamfanin cikin gari, motarsu sabuwa ce fil.

"Baba, Mama ba za ta damu ba."

"Ni zan damu," ya ce, ya ɗauki jakar sifanoninsa.

Alhamis gaba ɗaya a hanya ta ƙare. Mai wurin ya ga tsoho da buƙata, sai ya yanka masa yen dubu tamanin ba ragi. Kuramochi bai da ƙarfin ciniki. Ya biya, ya kwanta a kan tsakuwa cikin yayyafi, ya kwance famfon da hannunsa. A jirgin dawowa ya rungume shi a cinya, famfon na wari, fasinjoji na matsawa nesa. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Kalanda ce ta taimake shi. Juma'ar ta faɗo a ranar da al'adarsu ta hana yin irin wannan tafiya, shi ya sa tun farko aka ɗaga zuwa Asabar. Suka wuni shi da Hatano, ɗaya na haska tocila, ɗaya na zagin noti. Bakin famfon bai hau ba, sai da Hatano ya goge shi da zarto. Can da yamma injin ya kama, ya yi rawa, ya zauna. Hatano ya juya baya yana goge ido da tsumman mai, wai hayaƙi ne.

Kuramochi ya wanke hannu, ya shiga ɗakin ciki inda Tokiko take, ya durƙusa ya gaya mata an samu. Bai daɗe ba ya fito, don akwai sauran goge rufi.

Asabar da safe ya sa baƙar kwat da farar safar hannu. Dangi da maƙwabta suka jeru a bakin titi. Motar kamfani tana fake a kwana, Masami ba ta sallame ta ba. Ya shiga tasa motar ya murɗa makulli, shiru. Ya sake, tari. Zufa ta keto masa. A na uku motar ta tashi.

Masami ta shigo gefensa ta zauna. Ya danna hon ya riƙe shi da tsawo, jama'a suka haɗa tafin hannu suka sunkuya.

"To, mu je," ya ce a hankali, bai waiwaya ba.

Sannan ya ja tsohuwar motar ɗaukar gawar zuwa gidan da ake ƙona mamata, yana kauce wa kowane rami, don kada akwatin Tokiko ya girgiza.