Kitson Iya Tabawa

Tun shekarar da kaskar ɓeraye ta fara zuba wa mutane ciwo a jini, aka hana shiga gari da gashi, don a cikinsa take ɓuya. Wanzamai ke tsaron ƙofa.

Iya Tabawa ta zo sunan jikanta, mayafi rufe da kitso.

"Iya, a buɗe kai," in ji wanzamin.

"Kai Ɗanlami, ni na yanke maka cibi! Ni za ka tsiraita?"

Ya sunkuyar da kai, ta wuce.

A ɗakin mai jego aka miƙa mata jaririn. Tana masa wasa, ta sosa ƙeya. Ɗan ƙullutun da ta kwana uku tana ji a wurin, babu shi.

Ta shiga warware zanen jaririn, tana neman kaskar a jikinsa.